Hoton Baba Adamu a Tsaye

Ku da kuke ɗaukar hoto da waya, in kuna son mutum ya fito daga kai har ƙafa sai ku miƙe ta tsaye, in taro ne ku kwantar da ita, shi ke nan an gama. Jikata da ba ta iya ɗaura kallabi ba tukuna ta iya wannan. Shi ya sa in na ce muku akwai lokacin da juya kyamara daga kwance zuwa tsaye abu ne da sai an koya wa mutum, har da ƙarfe na musamman da ake ƙerawa dominsa, sai ku riƙa kallon juna kuna ƙumshe dariya, wai tsufa ya fara taɓa Haruna mai hoto. To, ku gyara zama.

A Kasuwar Umdurman ta ƙasar Sudan na koyi aikin, a shagon Usta Babikir (Usta ake ce wa gwanin sana'a), tun kafin soja su karɓi mulki. Mahaifina baduku ne, a nan aka haife shi. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya tsaya neman guzuri, har Allah ya karɓi ransa guzurin bai cika ba. Ni warin fata ne ya kore ni daga sana'ar gida, na faɗa warin maganin wanke hoto, wanda ya fi shi muni. Usta bai bar ni na taɓa kyamara ba sai da na ƙoshi da shara da wankin tasoshi. Ran da ya ga dama, abin da ya miƙo mini shi ne ƙafa-ukun da ake ɗora kyamara a kai, wadda a kasuwa ake ce wa hamil. Ya ce in kafa. Na kafa, na ja da baya ina jiran yabo. Ya zo ya tura ta da ɗan yatsa, ta tafi luu ta bugi bango. Ya ce, "Sake," ya koma kan shayinsa. Mun daɗe a haka kafin in gane cewa ƙafa ɗaya dole ta fuskanci wanda ake ɗauka, biyun su ba ka wurin tsayawa a tsakaninsu. Da na iya wannan sai ya ƙaro wani: ya ɗora ɗan kofin ruwa a samanta, in ruwan ya karkata ko kaɗan, in sauke in sake daga farko.

Ga inda wahalar take. A saman hamil akwai kai mai juyawa, a tsakiyarsa akwai noti guda da ke shiga ƙasan kyamara. Ita kuwa kyamarar fim a kwance aka ƙera ta, hoton da take bayarwa faɗinsa ya fi tsawonsa. Wannan ya yi wa 'yan ƙwallo da dangin amarya daidai. Amma yawancin mutanenmu a tsaye suke so a ɗauke su. Wanda ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya naɗa rawani, ya sa takalmin markub na fatar maciji, in ka yanke masa takalmin nan a hoto ba zai karɓa ba, kuma zai bi kasuwa yana ba da labarinka. Dole ka karkatar da kan hamil gefe guda don kyamara ta miƙe. Da ka yi haka ta bar tsakiyar ƙafafun ta rataya a gefe, idonta ya sauka ƙasa ya kauce, duk saitin da ka yi sai ka sake shi. Nauyi kuma ya koma kan notin nan tilo. A hankali hancin kyamara ke sunkuyawa ba ka sani ba, sai ka wanke hoto ka ga mutum ya jirkice kamar mai gyangyaɗi a sahu. Wani lokaci ma hamil ɗin gaba ɗaya ke kifewa. Na taɓa ganin haka a wani biki, akuya ce kawai ta gifta, kyamarar bawan Allah ta sha ƙasa, bai sake sana'ar ba.

Maganin wannan shi ne abin da muke kira gwiwa. Ƙarfe ne da aka lanƙwasa kamar gwiwar hannu: ɓangare ɗaya ya zauna a ƙarƙashin kyamara, ɗayan ya hau gefenta, kowanne da ramin noti. In hoton faɗi kake so, ka ɗaura ta ƙasa. In na tsaye ne, ka cire noti, ka juya, ka ɗaura ta gefe. Kan hamil bai motsa ba, ido yana nan inda ka bar shi, nauyi yana tsakiya. Usta Babikir yana da guda ta ƙasar waje da ya gada wurin wani Bagirke da ya yi wa aiki yana saurayi. A aljihunsa take zama, ko masallaci zai je da ita yake tafiya.

Na fara ganin darajarta ne a wani ɗaurin aure da ya tura ni, ya ara mini ita bayan ya sa na rantse zan dawo da ita. Gidan biki ba ya bin tsari. Ango shi kaɗai, a tsaye. Kafin ka numfasa abokansa sun cika wuri, sai faɗi. Sai a ce uwar ango ta fito, kuma ba za ta jira ba, a koma tsaye. Sai kawunai su taso a jere. Wani mai hoton da dangin amarya suka kawo yana ta kokawa da kan hamil ɗinsa, yana ɗagawa yana saukewa, gumi na ɗiga a kan kyamara. Ni noti kawai nake murɗawa. Na gama na ci abinci shi yana nan yana roƙon kawunai su ƙara haƙuri.

Da na buɗe nawa shago a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum, ba a daɗe da juyin mulki ba, kayan waje sun fara ɗaukewa. Gwiwa kam ko a mafarki. Sai aka kwatanta mini Usta Garba a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, shi ma ɗan Hausawan Umdurman ne, mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda aikinsa na kullum kayan manyan motoci ne. Na je masa da awo a takarda.

"Ajiye takardarka, ya zol," ya ce, zol kuwa mutum ke nan a Larabcin nan. "Kawo kyamarar."

"Usta, ita ke nan gare ni. In ta kwana a nan da me zan ci abinci?"

"To zauna ka yi gadinta. Amma sai na taɓa ta da hannuna."

Na yini a kan tsohuwar taya ina kallonsa. A ranar na koyi cewa zaren notin kyamara na inci ne, notin mota kuwa da ya cika Mantiƙa na mili ne. Yana shiga kamar ya dace, sannan ya cinye ramin kyamara, kuma ramin nan ba ya gyaruwa. Garba da kansa ya yanka nasa zaren. Ya bar ɗan leɓe a bayan gwiwar don kada kyamara ta juya, ya fafe gefe yadda ƙofar fim za ta buɗe ba sai an sauke komai ba. Ni kuma na kawo ragowar fatar akuya daga wurin mahaifina muka manna a ciki don kada ta zame. Ba ta da kyan gani, kuma ta fi ta Bagirken nauyi, amma da ita na ci abinci har zamanin fim ya wuce.

Manyan abokan cinikina ɗaliban Najeriya da Nijar ne masu karatu a jami'o'in addini. Suna jin Hausa a bakina sai su ɗauka sun zo gida, har su miƙe ƙafa su nemi shayi. Kowannensu tsaye yake so, da jallabiya irin ta nan da babban littafi a hannu, a aika wa iyaye su ga ɗansu ya zama shehi. Littafin ma na shago ne, duk shi suka riƙe. In an gama karatu kuma sai su zo a ayari, a jera su, a juya gwiwa. A bayansu akwai labulen da wani mai zane ya yi mini: kogi, da dabino, da gada. A shekarun nan in aka gan ka da kyamara kusa da gada ta gaskiya, ko wani ginin gwamnati, ko ma a titi babu takardar izini, za ka yi bayani a inda ba ka so. Gadar labulena ce kaɗai ake ɗauka a Khartum hankali kwance.

Sannan muguwar shekara ta zo. Fim ya ɓace daga kasuwa, domin da kuɗin waje ake shigo da shi, kuma a lokacin riƙe kuɗin waje yana iya cin ran mutum. Wanda ake samu ta bayan fage ya daɗe a zafi, hoto ya fito kore-kore. Wuta sai ta ga dama. Bukukuwa suka ƙanƙance, ana watsewa da wuri, ba mai neman mai hoto. Abin da ya rage shi ne ƙananan hotuna na takardu, samari suna ta zuwa saboda ana tare motoci ana kwasar su zuwa aikin soja na dole, kowa na neman abin da zai nuna. Shaguna da yawa a layinmu suka koma sayar da sabulu da batir. Ni na daina latsa kyamara sai na tabbata, in mutum ya ƙifta ido haka zai karɓi abinsa.

A cikin wannan shekara ne Malam Sani ya shigo shagona. Ɗalibi ne daga Gumel, magidanci mai natsuwa, yana shirin tafiya gida dogon hutu. Ya ce akwai aiki a Umdurman, amma sai na je na gani da idona. Da ya ambaci Baba Adamu na gane gidan, domin abokin mahaifina ne, ya yi shekaru yana fataucin fata kafin ciwon baya ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka shanye.

Labarin da Sani ya ba ni a hanya shi ne, Baba Adamu yana ɗan yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Gumel da ƙafa. Suka bar yayarsa Hansatu wurin kaka saboda tana fama da ƙyanda, da nufin in sun dawo daga Makka su tarar da ita. Ba su koma ba. Sani yakan je gidan cin abincin Juma'a kamar yadda ɗalibai ke yi, a cikin hira tsoho ya ambaci sunan ƙauyensu da na kakarsa, Sani ya aika gida a bincika. Amsa ta dawo cewa Hansatu tana nan da rai. Yanzu Baba zai aika mata da kaset na muryarsa, yadda ake yi a lokacin, ya haɗa da hoto.

Na same shi kwance a kan angarib, gadon igiyar nan namu, a ƙarƙashin rumfa. 'Yarsa Hawwa ce ke jinyarsa. Bayan gaisuwa da gahawa na duba haske na ce, "Baba, abu mai sauƙi ne. A jingina ka da matashi, in ɗauke ka daga ƙirji zuwa sama. Ba wanda zai san komai."

"Haruna, ya waladi, ɗana, ni ba rabin mutum zan aika mata ba. Ran da muka rabu ina gudu a gaban jaki tana kallona daga ƙofar kaka. A tsaye za ta gan ni."

"Yaba, ai ba ka iya tsayuwa," in ji Hawwa, haka take kiran mahaifinta.

"Shi ya sa na kira mai sana'a. Da ina iyawa ai ko wa ya ɗauka."

Malam Sani ya gyara murya ya ce, "Baba, in ta tambaye ni lafiyarka fa? Ni ba zan yi mata ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ka ce ka bar ni ina ci ina sha. In ta tambayi ƙafa, faɗa mata. Abin da ba ta tambaya ba kada ka kai mata. Yi mini alkawari."

Sani ya yi alkawarin.

Mun gwada ɗaga shi, mutum biyu suna tallafe da shi ta bayan labule. Kafin ya miƙe gumi ya karyo masa, idonsa ya juye, muka mayar da shi. A hanyar komawa na yi ta juya abin a raina. Kyamara ba ta san sama da ƙasa ba, abin da ke gabanta kawai ta sani. In mutum ya kwanta rigingine, ta dube shi daga sama sak, a hoto tsaye yake. Matsalar ita ce yadda za a rataye ta a iska daidai ƙirjinsa, da nisan da zai ɗauke shi duka, ba tare da ƙafafun hamil sun shiga ba.

Na koma wurin Garba. Ya saurare ni har na gama, ya ce da ni da tsohon duk ba mu da lafiya, sannan ya jawo wani dogon bututun ruwa. Ya yi masa mazauni a kan hamil. A bakinsa ya manna faranti mai noti yadda gwiwata za ta ɗauru tana kallon ƙasa, a gindinsa ya sa ƙugiyar rataya buhun yashi don ya danne nauyi. Da muka haɗa shi a tsakar gareji sai muka ja da baya muka duba.

"Ya zol," in ji Garba, "in soja ya hango ka da wannan a kan rufi, wallahi ba tambayarka zai yi ba."

Ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, wai ba a taɓa ganin bindiga mai wannan launi ba. Na tsallaka gada da shi a warwatse a bayan motar kaya. Sojan gada ya tambaya mene ne, na ce bututun ruwa ne, ya ƙwanƙwasa ya ji bututun ruwa ne, ya ce mu wuce. Hawwa kuma ta riga ta gayyato ɗan kwamitin unguwa mai kai wa hukuma rahoto shan gahawa, don kada labari ya je masa ta wata hanya. Ƙarshenta shi ya riƙe mini buhun yashi.

Da sassafe muka yi aikin, kafin rana ta leƙo ta kan katanga, domin haske dole ya zo ta wajen kansa kamar yadda yake zuwa wa mai tsayuwa. Muka shimfiɗa labulen gada a tsakar gida. Ba a kansa muka kwantar da Baba ba, sai a kan siririn katako da muka ɗora bisa bulo, don a sami tazara. In ba haka ba inuwa za ta manne masa ta tona mu. A tafin ƙafarsa muka tsayar da ƙofar kabad muka lulluɓe ta da darduma, ita ce ƙasar da yake takawa. Hawwa ta sa masa markub, ta danna ƙafafun suka zauna daram a kan dardumar, ta ɗaure gwiwoyinsa da tsumma a ƙarƙashin riga. Jallabiyar ta sha sitaci tun jiya, duk da haka sai da aka bi ta da allura da zare, ana jan kowane ninki zuwa wajen ƙafa. Carbi ne ya ƙi. Duk yadda muka yi sai ya zube wajen labule, inda carbin mai tsayuwa ba ya zuwa. Na ce a cire, ya ce shi ba ya hoto babu carbi, muka daidaita a kan ya dunƙule shi cikin hannu. A ɗaya hannun muka ba shi sanda.

Na hau rufin ɗaki na kafa hamil, na tura bututun ya fita kan tsakar gida. Daga inda nake ba na iya leƙa idon kyamara, don haka da igiya na auna nisa zuwa ƙirjinsa, na saita, na kwanta rub da ciki a bakin rufi ina duba layi da ido. Abin da ke raina ɗaya ne, notin Garba. In ya saki, kyamara da gwiwa a kan fuskar tsoho za su sauka. Na ji tsoro ƙwarai, na ƙara ɗaure ta da igiya a wuyan bututu.

"Baba, dubi gilashin, kada ka dube ni."

"Ni sama kawai nake gani, da shirwa."

"To dubi ƙasan shirwar kaɗan. Sauke haɓa. Tamam, tsaya haka."

Da doguwar igiyar latsawa na ɗauka. Kowane ɗauka sai na jawo bututun na murɗa fim na mayar, shi kuwa yana kwance a kan katako bai yi ko tari ba. A shekarar da nake ƙyashin fim, ranar ban yi ƙyashi ba.

Hoton ya fito. Kwanciya ta ja fatar kumatunsa baya, tsufan ya ragu, sai ya zama kamar ƙanen kansa. Ga mutum nan tsaye ƙyam a bakin kogi, da sanda da rawani, gada a bayansa. Na kai wa Usta Babikir ban ce masa komai ba. Ya duba, ya ce haske ya yi kyau, ya miƙo mini. Tunda shi bai gano ba na san ba mai ganowa. Baba Adamu ya riƙe shi a saman fuskarsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan zol ɗin zai iya zuwa kasuwa ya dawo." Hawwa ta tashi ta shiga ɗaki. Sani ya sa hoton da kaset a jaka ya tafi.

Sai da aka koma karatu Hawwa ta zo shagona da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce Yaba na kira, in zo da kayan aiki, amma ban da bututu.

Na tarar da Sani zaune a kan tabarma kansa a ƙasa, rikoda a gefen gado. Baba ya rame. Bai bari mun gama gaisawa ba ya ce Hawwa ta mayar da kaset ɗin da Sani ya kawo baya, Haruna ya ji. Muryar tsohuwa ce mai ƙarfi, Hausarta irin wadda kakana ke yi.

"Ado, ni ce Hansatu. Na ji muryarka, na gode wa Allah. Ran da aka ce kana raye na sa yara su nemi mai sayen awakina da saniya, na ce ko a bayan mota ne a kai ni, don na ɗauka ciwo ne ya riƙe ka. Ni ƙafata ƙalau, har yanzu ni ke zuwa rijiya. Sai ga Malam da hoto. Ado, ashe haka kake? Ƙato da kai, kana yawonka a bakin ruwa? Duk shekarun nan ina ba ka uzuri, ashe ƙafa gare ka. To na fasa. Ba a taɓa yi ba, yaya ta taso ta gaida ƙane yana tsaye da ƙafarsa. Na hana a sayar da komai. Na sa an gyara ɗakin Kaka. Ka zo."

Hawwa ta kashe rikodar. Sani bai ɗago ba ya ce, "Baba, ba ta tambaye ni ba. Kwana da kwanaki ina zuwa ina jira ta tambaya. Hoton kawai take nuna wa mutane."

"Ka cika alkawari," in ji Baba. "Haruna, kafa abinka."

"Yaya za a yi shi, Baba?"

"Yadda nake."

Wannan aiki ba shi da wuya. Na kafa hamil a gefen angarib, na rage ƙafafun har ido ya zo daidai da gadon. Gwiwar tana ɗaure ta gefe tun hotunan takardu na jiya, na cire noti, na juya, na ɗaura ta ƙasa. Mutumin da ke kwance a faɗi ake ɗaukarsa in ana so ya shiga duka. Babu labule, sai katangar laka da randar ruwa da kwanon magani. Hawwa ta zo za ta gyara masa mayafi, ya ce ta yaye shi. Ta tsaya tana kallonsa. Ya ce, "Yaye, 'yata. Ta ga ƙafafun." Ta yaye har gwiwa. Sun bushe sun zama kamar karan dawa. Na latsa.

Samun mai tafiya ya ɗauki lokaci, domin tsakiyar karatu ne, sai wani ɗan kasuwa ya kai hoton. A can kuma sai da aka sayar da dabbobin, aka yi mata fasfo da biza, abin da ba ya sauri a wancan zamani. Gwaggo Hansatu ta sauka Khartum wajen shekara guda bayan lokacin da ta so tasowa da farko. Ta same shi da rai. Amma 'yan makonni kafin zuwanta wani ciwon ya sake bugunsa ya kama harshe. Yana gani, yana ji, yana riƙe hannu, magana ce babu.

Na je gaishe ta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a bakin angarib tana ba shi kunu da cokali, tana yi masa hira ita kaɗai, tana faɗa masa wane ya rasu wane ya bar 'ya'ya nawa. Da Hawwa ta ce ga Haruna mai hoto, ta ajiye cokalin, ta jawo jakarta ta fito da hoton farko, gefensa duk ya lanƙwashe don yawan nunawa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Gwaggo."

Ta dubi hoton, ta dubi ƙanenta, ta sake duban hoton.

"Ka iya aikinka, ɗan nan," ta ce. "Da ba ka iya ba, da na same shi yana magana."